Abdulbaƙi Mai Kanofi da Ragar Sarkin Ruwa

Duk wanda ya taɓa aurar da 'ya ko ya yanka ragon suna a Lafiya, daga Bukan Sidi har Tudun Gwandara, da wuya a ce bai zauna a ƙarƙashin kanofin Abdulbaƙi ba. Gajeren mutum ne kakkaura, ya ɗan haura hamsin, tafin hannunsa kamar murfin tukunya. A wurin biki ba a shan wahalar gane shi. Kowa na kallon amarya ko yana leƙen inda ake raba shinkafa, shi kuwa yana tsaye a gefe ya ɗaga kai yana kallon ganyen mangwaro. In ganye ya yi tsit, sai ka ga ya karɓi lemo. In ya fara kaɗawa, ko gaisuwa ba ya amsawa da kyau.

A Kwandere aka haife shi, gidan manoman doya. Mahaifinsa ya so ya gaje shi, amma tun da wuri aka gane shi da fartanya ba za su daɗe tare ba, don an fi samunsa a rafi yana iyo. Da ya tasa sai ya shigo Lafiya ya kama ɗaukar kujeru a wajen wani mai hayar kayan biki. A hankali ya sayi nasa kujerun, ya sayi kanofi, ya ƙara wani, har ya kai ga wata tsohuwar a-kori-kura da ake jin zuwanta tun kafin ta karyo kwana.

Wata shekara, a bikin wani malamin makaranta a Assakio, iskar farkon damina ta taso ana tsakiyar addu'a. Ta shiga ƙarƙashin babban kanofi ta ɗaga shi. Jama'a suka watse ba a shafa ba. Abdulbaƙi ya daka tsalle ya cafke ƙafar ƙarfen da hannu biyu. Iska ta ja shi ta kan kujeru, ta ratsa da shi gonar rogo, ta kai shi har jikin katanga, bai saki ba. Da aka zo ɗaga shi sai da aka riƙa ɓamɓare yatsunsa. Tun daga ranar ake ce masa Damƙau. Yakan nuna ba ya son sunan, amma shi da kansa ya sa aka rubuta shi a bayan motar. Matarsa Zuwairatu, malamar firamare, ta ce sunan bai yi ƙarya ba, domin ko kofin shayi ya shanye sai an lallashe shi kafin ya ajiye.

A haka yake zaune da iska, yana ganinta ya ƙara turke, har ranar da Iorhemba ya dawo gari. Iorhemba ɗan Tibi ne daga wajen Agyaragu, shi ya daɗe yana tuƙa masa a-kori-kurar kafin ya tafi Legas, inda ya yi aiki a bakin teku wurin masu ba da hayar kayan wasan ruwa. Tsufan mahaifiyarsa ne ya dawo da shi gida. Ya zo shagon da dogayen jakunkuna biyu a bayan babur.

"Oga, aron mota na zo. Dam kawai zan je, ta hanyar Doma."

"Me za ka kai dam? Kifi ake ɗaukowa a can, ba a kai masa kaya."

"Ka ba ni makulli, abeg. Kafin la'asar na dawo."

Abdulbaƙi ba ya ba kowa makullinsa sai direbansa, Iorhemba kuwa ya daina zama direbansa. Don haka ya ce shi zai tuƙa.

A bakin dam Iorhemba ya warware wani yadi mai ruwan lemo, ya sa famfo ya hura shi, sai ga fiffike kamar na jemage, ya fi mutum tsawo, da mariƙi biyu a cikinsa, ɗaya gaba ɗaya baya. A ɗaya jakar akwai gajeren allo mai kauri. Ya ɗaura masa doguwar ƙafa a ƙasa, a ƙarshen ƙafar kuma wani abu kamar ƙaramin jirgin sama. Ya ce maigidansa na Legas ne ya ba shi tsohon nasa da za su rabu, kuma a can win-foyil suke ce wa wasan. Masuntan da suka taru suka ce fiffike, sunan da ya bi shi ke nan.

Abdulbaƙi ya shafa yadin, ya duba ɗinkin da idon mai sana'a.

"Ina turakunsa?"

"Babu turke, Oga."

"To me zai hana iska ta tafi da shi?"

"Ai so ake ya tafi da shi. Kai ma ya tafi da kai."

Abdulbaƙi ya yi tsaki ya koma inuwa. Iorhemba ya shiga ruwa, ya hau allon, ya ɗaga fiffiken sama da kansa. Allon ya fara tafiya yana dukan ruwa, sannan ya ƙara gudu, sannan ya rabu da ruwan gaba ɗaya. Ƙafar nan ce kawai ke yanka ruwa, mutum kuwa yana sama yana wucewa shiru kamar shirwa. Abdulbaƙi bai san ya miƙe tsaye ba. Da farko haushi ya ji. Shekara da shekaru iska ba ta yi masa komai sai yaga tamfol da lanƙwasa ƙarfe, ga shi yau ta goya tsohon direbansa tana yawo da shi. A hanyar komawa, da suka shigo gari, sai ya tambayi Iorhemba.

"Mai ƙiba yana iya hawa?"

"Yana iya, Oga. Sai dai iskansa ya fi yawa."

Da ya gaya wa Zuwairatu, ta ajiye jan biron da take duba aikin yara da shi.

"Baban Afra'u, ruwa da iska a lokaci guda? Ɗaya bai ishe ka ba?"

Ta yarda a kan zai sa rigar da ke hana nutsewa, kuma ba zai shiga ba sai Iorhemba na nan. Asabar da Lahadi ba nasa ba ne, na amare ne, don haka Talata ta zama ranar dam.

Talatar farko iska ta ƙi zuwa. Ruwa ya kwanta kamar faranti. Abdulbaƙi ya durƙusa a kan allo ya ɗaga fiffike har kafaɗunsa suka yi tsami. Mutumin da ya shafe rayuwarsa yana roƙon Allah Ya kwantar da iska, sai ya ji nauyin ya buɗe baki ya roƙi a taso da ita. Masunta suna wucewa a kwalekwale suna ce masa sannu da zama.

Wata Talatar iskar kudu ta zo a hankali, ta tura shi a durƙushe har wancan gefen. Ya ji daɗi ƙwarai, sai da ya isa ya tuna ba a koya masa dawowa ba. Ya ɗauko allo a ka, yana jan fiffike, ya zagayo ta cikin lambun tattasai yana ba masu lambu haƙuri. Daga baya ya koyi miƙewa tsaye. Ya koyi cewa in ruwa ya yi 'yan ƙananan tudu sai mutum ya saki gwiwa, in ba haka ba allon ya zubar da shi. Ya sha ruwan dam ɗin nan har Zuwairatu ta ce ya rage mata aikin kunu.

Da bazara ta yi nisa sai iska ta canja hali. Ta daina zuwa a miƙe, sai ta yi laƙwas kamar ta tafi, sannan ta kawo bugu. Iorhemba ya tsayar da shi a bakin ruwa ya yi masa bayani dalla-dalla.

"Oga, in iska ya yi ƙarfi, ka saki hannun baya. Na gaba kawai ka riƙe. Fiffike zai kwanta, iska ya wuce abinsa."

"Na ji."

"Hannun baya, Oga."

"Na ce na ji. Ni za ka koya wa iska?"

Ya shiga. Bugun farko da ya zo, hannuwansa biyu suka damƙe mariƙin kafin kansa ya yi shawara. Fiffike ya cika ya tumbatsa, ya fizge shi daga kan allo, ya ja shi a ciki a kan ruwa, allon na biye da shi da igiyar da ke ɗaure a ƙafarsa, har suka faɗa cikin ragar masunta da ke shimfiɗe a gefen yamma.

Nan ya san Kalilu. Shi ne sarkin ruwa na wurin, dogo siriri, mai magana kamar yana tsoron kada ta ƙare masa. Ya zo a kwalekwale, ya dubi ragar, ya dubi mutumin da ke cikinta.

"Mun daɗe muna fatan babban kamu," in ji shi.

Abdulbaƙi ya ce a gaya masa abin da zai biya. Kalilu ya ce a nan ba a biya. Al'adarsu, wanda ya yaga raga shi zai zauna a cikin masunta ya ɗinke ta da hannunsa, don ya san abin da ya yaga. Haka mai kanofi ya wuni a gindin mangwaro da zare a hannu. Ɗinki ba baƙonsa ba ne, sai dai na tamfol ya iya. Kalilu ya ɗaga wurin da ya gyara ya duba ta rana.

"Malam Damƙau, kifi muke so ya tsaya. Wannan ko ruwa ba zai wuce ba."

Aka yi dariya, aka gasa masa karfasa. Amma da abin ya sake faruwa, ragar wani mai iyali da yawa ce, kuma yagewar ta fi ta farko. Ranar ba a gasa kifi ba. Kalilu ya ja shi gefe.

"Ka ga, ni ina son kallon wasan nan naku. Amma wanda ragarsa ta yage, gidansa ne ke kwana ba miya. Mutanena sun yi mini magana. In ka sake yaga wata, ni da bakina zan hana ka shiga ruwan nan. Iorhemba ya shiga, shi bai taɓa mana komai ba."

Abdulbaƙi ya san gaskiya ce. Ya kuma san duk kewayen Lafiya ba shi da wani ruwa mai faɗin da zai ɗauki fiffike. Ga shi har yanzu bai taɓa tashi sama ba, ko na ƙiftawar ido.

Zuwairatu ta ɗauki abin a matsayin aikin aji. A tsakar gida takan ba shi muciya ya riƙe da hannu biyu, ta ci gaba da harkokinta, can ba zato ta ce, "Saki." Ya saki. Yana cin tuwo ta ce saki, ya saki loma. A tsakar gida ba wanda ya kai shi iya saki. A dam kuwa ya koma shiga sai in iska ba ta da ƙarfi, ya yi ta kai da komo a kusa da gaɓa kamar agwagwa. Iorhemba ya gaji ya faɗa masa.

"Oga, wannan iska ba zai ɗaga ka ba. Ko ni ba zai ɗaga ba. Wanda zai ɗaga ka, shi ne wanda kake gudu."

"In na shiga waccan, raga zan je."

"In ka saki hannu ba za ka je ba."

"Hannun ne ba ya jin Hausa."

Ana haka aka ba da hutun Ista, Zuwairatu ta ce yau sai ta ga inda ake kai mata miji ana dawo da shi a jiƙe. Ta cika kula da zoɓo ta shiga gaban mota. Ranar iskar kudu ce mai ƙarfi, a miƙe take ba bugu. Ruwa ya tashi yana tudu har gwiwa, kawunansa na fari. Can gabas, ƙasa-ƙasa, akwai ɗan baƙin hadari. Iorhemba ya daɗe yana dubansa.

"Yana da nisa. Ka shiga sau ɗaya, Oga. In na ɗaga hula, ka fito."

Abdulbaƙi ya dubi gefen yamma inda gorunan da ke riƙe raga a saman ruwa ke rawa a jere. Ya dubi Kalilu da ke zaune a kan kwalekwalensa yana gyaran filafili. Ya dubi matarsa, wadda ta riga ta shimfiɗa tabarma. Ya yi bisimilla ya shiga.

Tudun farko ya kusa kayar da shi, ya saki gwiwa ya wuce. Ya miƙe, ya ɗaga fiffike, iska ta cika shi. Allon ya fara gudu yana dukan ruwa, fat, fat, fat, har haƙoransa na haɗuwa. Ya ɗan danna ƙafar baya yadda aka koya masa. Sai dukan ya tsaya.

Shirun ne ya fara ba shi mamaki. Ya leƙa ƙasa ya ga tudun ruwa suna wucewa ta ƙarƙashinsa ba su taɓa shi ba. Nauyin da ya saba ɗauka tun da ya yi tumbi, kamar wani ya karɓa ya riƙe masa. Bai yi ihu ba. Wata 'yar dariya ce ta kuɓuce masa, irin wadda rabonsa da ita tun rafin Kwandere.

Bai ga hular Iorhemba ba, don ya ba gaɓa baya. Abin da ya ji shi ne sanyi a wuyansa. Ya san wannan sanyin sarai, shi ne ɗan aiken hadari, wanda ke riga gajimare isowa. Iska ta juyo daga gabas ta kawo bugu. Tudun ruwa suka rikice, na kudu na karo da na gabas. Fiffike ya cika ya karkata da shi yamma, hannuwansa kuwa suka yi abin da suka saba.

Gorunan raga suka fara girma a idonsa. Yana iya ganin igiyar da ta haɗa su. Ya tuna fuskar mai iyalin nan ranar da aka ɗago ragarsa a yage, yadda ya tsuguna yana shafa wurin. Abdulbaƙi ya cije baki, ya tattara duk abin da ke jikinsa, ya buɗe hannu.

Sai dai na gaba ya buɗe, ba na baya ba.

Fiffike ya wuntsila, ya mare shi a fuska da faɗinsa duka, ya tuntsurar da shi ta baya. Ya faɗa ruwa da ƙarar da aka ce har masu lambu sun ji. Da ya ɗago kai yana tari, fiffiken na kwance a kan ruwa a ƙarshen igiyar da ke ɗaure a hannunsa, allon kuwa ya kife, ya gangara a hankali ya jingina da gora ɗaya.

Kalilu ya iso a kwalekwale, Iorhemba a bayansa yana tuƙi. Suka ja Abdulbaƙi ya kama gefen jirgin, suka janye allon. Sannan Kalilu ya sa hannu ya kama igiyar raga ya fara ɗagowa. Yana ɗagawa yana bi da yatsa, ido bayan ido, ba ya sauri, ko da yake yayyafi ya fara sauka kuma kwalekwalen na tangaɗi. Abdulbaƙi na cikin ruwa har wuya yana bin yatsan nan da kallo. Aka wuce goran da allon ya taɓa. Aka wuce na gaba da shi. Kalilu ya ciro wata 'yar karfasa da ta maƙale, ya jefa a cikin jirgi, ya mai da ragar ruwa.

"Gora ka taɓa," in ji shi. "Ba mu yi magana a kan gora ba."

"Ke nan, Sarki?"

"Ke nan ka hau mu tafi kafin tsawa ta same mu."

Iorhemba ya riƙe dariyarsa har suka kusa gaɓa.

"Oga, hannun baya na ce."

"Ka ce a saki, na saki. Sauran bayani sai wata Talatar."

Suka tarar Zuwairatu ta naɗe tabarma ta fake a cikin mota. Abdulbaƙi ya zo bakin taga yana ɗiga, gefen fuskarsa ya yi ja inda fiffike ya mare shi.

"Kin gani?"

"Na ga faɗuwa. Faɗuwa kam ta yi kyau."

"Kafin faɗuwar fa? Na tashi, Maman Afra'u. Sama da ruwa. Kowa ya gani."

"Ina zuba wa matar Sarki zoɓo a lokacin." Ta miƙo masa tawul, tana gyara bakinta da ke son ya tona mata asiri. "Sai ka sake. Hutu bai ƙare ba, Talata mai zuwa ina nan."

Ruwa ya kece sosai. Suka cusa fiffike a bayan mota ba su ko sace masa iska duka ba. Iorhemba ya buɗe ƙofar direba bisa tsohon sabo, ya tuna, ya ja da baya. Abdulbaƙi ya shiga ya tayar, suka kama hanyar Lafiya a hankali, yana ba su labarin tashinsa tun daga farko, su kuwa da suke wurin suna saurara.